Na'urar auna zurfi ko jadawalin cikowar teku: wanne zan fara saya?

Tambaya: Na tashi a Yawuri, na san kogin Kwara sarai. Yanzu ina jigilar kaya da kwale-kwale mai inji a rafukan Fatakwal, sau biyu ke nan ina kafewa a laka a inda na bi lafiya da safe. An ce in sayi na'urar auna zurfi. Ko ta isa?

Amsa: Malam, sannu da wahala. Ka daɗe da sanin ruwan da damina ke cika shi, rani ya janye shi. Ruwan da kake kai yanzu wata ne ke jan sa, rana na taya shi. Yakan cika sau biyu, ya janye sau biyu a kwana guda, kusan awa 12 da minti 25 tsakanin cikowa da cikowa. Shi ya sa lokacin yake matsawa gaba da kimanin minti 50 kullum. A bakin kogin Boni, mashigar Fatakwal daga teku, tazarar cika da janyewa takan kai kusan mita 2, a Legas kuwa wajen mita 1.

Don haka ka fara da jadawalin cikowar teku, wato littafin da ke nuna lokacin cika da janyewar ruwa a kowace rana. Hukumar binciken ruwa ta Najeriya tana fitar da shi duk shekara, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na na'ura ba. Na'urar tana aika sauti ƙasa ta lissafa dawowarsa, sai ta gaya maka zurfin da ke ƙarƙashinka yanzu-yanzu. Ba ta san abin da zai rage bayan awa uku ba, kuma nan ne aka kama ka.

Lissafin watan Musulunci zai taimake ka ƙwarai. Wajen tsayuwar wata da daren sha huɗu, ruwa yakan cika fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum, har tudun laka ya fito fili. Wajen bakwai da ashirin da biyu ga wata, sai ya lafa. Ka kuma kula da awa ta uku da ta huɗu bayan cikowa, domin a cikinsu rabin ruwan yake zubewa.

Kada ka yar da gorarka. Ka shafa mata fenti a kowane rabin mita, ka tsoma ta a mashigar da ta kafe ka lokacin janyewa, ka rubuta abin da ka gani. In kuɗi sun samu daga baya, ka sayi na'urar, amma ka tambayi mai ɗaura ta ko daga gindin jirgi take fara ƙirge ko daga saman ruwa.