Guntayen zaren safa sun taru min, me zan saƙa da su?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Daga Samaru nake rubuto miki. Yayata da ke zaune a Jamus ta aiko min da zaren safa kala-kala, na saƙa wa maigida da yara safa da hunturun da ya wuce, yanzu guntaye sun cika min leda, ba wanda zai isa ko ƙafa ɗaya, kuma wallahi zubarwa ciwo take min. Ina iya kibiya, ina iya kwarashi. Bargo zan haɗa ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kar ki zubar ko ɗaya, amma maganar bargo ki ɗan dakata tukuna, ki fara sanin abin da ke cikin ledar nan.

Zaren safa na ƙasar waje irin su Regia da Opal yawanci kashi 75 gashin tumaki ne, kashi 25 nailon, nailon ɗin shi ke hana dunduniya saurin hujewa. Siriri ne sosai, ƙulli ɗaya mai giram 100 yana da tsawon mita 420 ko kusa da haka, kinga kenan kowane giram ɗaya wajen mita 4 ne. Toh ki ari ɗan sikelin nan na masu yin kek in ba ki da shi, ki auna kowane guntu ki rubuta a takarda ki maƙala masa. Ido yana ruɗi a kan zaren nan, guntun da kika raina sai ki ga giram 25 ne, mita 100 cur, wanda kuma ya yi buhu-buhu don an naɗe shi sakwa-sakwa bai kai giram 10 ba.

In akwai ulun da kika saya a kasuwar Sabon Gari ya shiga cikinsu ki ware shi gefe. Mafi yawan wanda muke samu a nan akirilik ne, roba ce, ya fi kauri kuma ba ya shan wanki iri ɗaya da na tumaki, in kika haɗa su a abu ɗaya wani gefen zai saki wani ya tsaya, saƙar ta karkace. In kin rasa gane wanne ne wanne ki yanki ɗan tsawon yatsa ki kai shi bakin ashana, a tsakar gida don Allah ba a ɗaki ba. Na tumaki ƙaurin gashi yake yi ya mutu da kansa, na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi baƙi ya yi tauri.

Yanzu bargon. Ko na jariri ne zai ci giram 300 zuwa sama da wannan siririn zaren, in safa biyar kika saƙa da ƙyar ragowarki ta wuce rabin haka. Na ga mata da yawa sun ɗauko shi da zumuɗi, an yi 'yan murabba'ai ashirin an gaji, an cusa a ƙasan akwati har yaron da aka yi wa niyya ya shiga firamare. In dai ranki na kansa ki ɗauke shi aikin shekara biyu, duk safar da kika gama ki yi murabba'i ɗaya ko biyu da ragowar ki ajiye, ki auna na farko a sikeli don ki san nawa kowanne ke ci, girmansu kuma ya zama ɗaya, sannan ki nemi kala guda da za ki kewaye su duka da ita ranar haɗawa, in ba haka ba hargitsi kawai zai zama.

Ni abin da na fi so a yi da zaren safa shi ne a mayar da shi safa. Da farko ki cire giram 5 daga kowace kala ki ɓoye, ranar da dunduniyar safar maigida ta fara sirancewa da shi za ki cike wurin tun bai huje ba, kala ɗaya zare ɗaya, ba mai ganewa. Sauran kuma, giram 20 ya isa ki yi baki da dunduniya da kan yatsu na sabuwar safa da wata kala daban, jikin kuma da wata. Ko ki yi mai ratsi-ratsi gaba ɗaya, ki raba kowane guntu biyu a sikeli tun kafin ki fara, rabi na ƙafar dama rabi na hagu, in ba ki raba ba za ki gama ƙafa ɗaya da kyau ki zo ta biyu jan ya ƙare.

Kayan jarirai ma wuri ne mai kyau, ga mu da suna kusan kowane sati. Safar sabon haihuwa ba ta wuce giram 15 zuwa 20, hula ta ɗan ɗara haka kaɗan. Sai dai ki goga zaren a wuyanki tukuna, in ya sosa ki to fatar jariri ba za ta ɗauka ba, ki bar shi wa manya. Kuma ki duba watan haihuwar, wanda zai zo a Afrilu cikin zafin Zariya ba ruwansa da hular gashin tumaki, ki saƙa babba wadda za ta shige shi a Disamba.

In kin gaji da siririyar kibiya mai milimita 2.5, haɗa zare biyu ki riƙe su tare ki koma ta milimita 4, aikin zai yi sauri. Dabarar ita ce kar ki canja su lokaci ɗaya, in ɗaya ya ƙare ki ɗaura wani ki bar ɗayan ya ci gaba, sai kalolin su riƙa shiga juna a hankali ba tare da layi ya fito ba. Hular 'yan makaranta da safar hannu marar yatsu ta masu hawa mashin da asuba suna fitowa da kyau a haka.

Ƙananan da ba su kai giram 10 ba na kwarashi ne, 'yar jakar carbi, ribom na 'yan mata, fulawar da ake ɗinkawa a hula, abin maƙala makulli. Abu ɗaya ne ban yarda ki yi ba, abin sauke tukunya, nailon ɗin nan narkewa yake in ya ji wuta, auduga ake yi wa wannan aikin.

Wajen ɗaure-ɗaure kuwa, kar ki bar ƙulli a tafin safa, mai sawa zai ji shi kamar tsakuwa a takalmi. Ki zura bakin zaren a allura, ki sarƙa shi da bakin ɗayan, ki mayar da kowanne cikin jikinsa wajen santimita 5 ki ja a hankali, zai zauna lif ba tudu. Tofa yawu a murza a tafin hannu da ake yi wa zallan gashin tumaki ba ya kama wannan, don an sarrafa shi yadda ba zai cakuɗe a wanki ba. Kafin kuma ki haɗa ja ko shuɗi mai duhu da fari, jiƙa ɗan guntu a ruwan ɗumi ki matse a farin ƙyalle ki ga ko yana zuba. Wanda ba za ki taɓa yanzu ba ki zuba a leda mai zif ko roba mai murfi ki rufe ruf, don asu yana cin gashin tumaki, ƙurar hunturu kuma in ta shige shi sai an sha wanki kafin ta fita.