Shin Amurka Ta Gama Yayi, Sin Za Ta Gaje Ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da wayoyi a kasuwar Gombe, kuma kusan duk kayan shagona na ƙasar Sin ne, Tecno ne, itel ne, Infinix ne. Kullum a majalisarmu musu ake: wasu sun ce Amurka ta gama yayi, Sin ce za ta riƙe duniya. Haka ne? Kuma me ke kayar da babbar ƙasa?
Daga wani mai karatu a Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Rabin amsarka na nan cikin jiharku. Ka je Bajoga ka nemi hanyar Bormi. A can sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a 1903, shekara guda bayan sun shiga Bauchi. Mulkinsu ya yi ta faɗaɗa har ya kai kusan rubu'in ƙasashen duniya. Amma shekara 57 kacal bayan Bormi, a 1960, suka sauke tutarsu a Legas.

Abin lura, Ingila tana cikin waɗanda suka ci yaƙin duniya na farko da na biyu. Bashi ne ya durƙusar da ita; rancen da ta karɓa a hannun Amurka bayan yaƙin na biyu, sai a 2006 ta gama biya. Asirinta ya tonu a 1956, sa'ad da shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin Suwez hannun Masar. Ingila da Faransa da Isra'ila suka afka masa, sai Amurka ta hana Ingila rancen da za ta tallafi kuɗinta da shi. Nan da nan ta janye. Tun daga ranar kowa ya san wane ne maigida.

Tarayyar Sobiyat ma haka. Ita ta fara harba tauraron ɗan'adam a 1957, ga makaman nukiliya dubbai, amma hatsi sai ta saya daga waje. Farashin mai ya faɗi a 1986, ta kuma shafe kusan shekara goma tana zubar da jini da dukiya a Afganistan. A ƙarshen 1991 ta tarwatse gida 15. A fahimtata, babbar ƙasa tana faɗuwa ne idan ɗawainiyar da ta ɗauka a waje ta fi ƙarfin aljihunta, gida kuma ya rabu.

To Amurka fa? Alamun suna nan. Bashinta ya haura dala tiriliyan 35 a 2024, 'yan siyasarta ba sa ga maciji da juna, ta bar Afganistan a 2021 bayan shekara 20, kuma maƙwabciyarmu Nijar ta sallami sojojin Amurka daga Agadas a 2024. Sai dai komai ramar giwa ta fi kwando goma. Kai da kanka, idan za ka yi odar kaya daga Sin, farashin dala kake fara tambaya. Manhajar Android da ke cikin wayoyinka kuwa ta kamfanin Google ce na Amurka.

Sin ta yi abin a yaba. Daga gyaran tattalin arzikin da jagoranta Deng Xiaoping ya soma a 1978, ta wuce Japan a 2010 ta zama ta biyu a duniya. Amma yawan jama'arta ya fara raguwa a 2022, tsofaffi na ƙaruwa, Indiya ma ta wuce ta a yawan mutane a 2023. Don haka ban ga alamar wani zai gaji kujerar shi kaɗai nan kusa ba. Doguwar kokawa nake hange, a kan Taiwan inda ake ƙera mafi ingancin ƙwaƙwalwar kwamfuta, da hanyoyin teku, da ma'adinai, da kuma kuɗin da za a riƙa ciniki da shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke musun nan tamkar 'yan kallo, alhali da arzikinmu ake yi. Ka kai wa majalisarku zancen man Kolmani da ke kan iyakar Bauchi da Gombe, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙarsa a 2022. Ku tambayi wakilanku inda aikin ya tsaya, wa zai zuba jari, da wane sharaɗi, kuma yaran Alkaleri da Akko, inda man yake, nawa ne aka koya wa aikin.