Tsofaffin Bindigogin Sojan Jamus: Karanta Ƙarfen Kafin Ka Zaro Kuɗi

TAMBAYA: Malam, a Amurka nake zaune. A wata kasuwar baje kolin tsofaffin makamai na ga bindiga, mai ita ya ce Mauser ce ta 1888. A jikinta an buga Gew. 88, Spandau 1890, ga harafin S, ga kuma ɗan jinjirin wata. In saya?

AMSA: Mai bindigar nan ko bai sani ba, ko kuma ba ya so kai ka sani. Gewehr 88, wato Gew. 88 ɗin nan, ba aikin kamfanin Mauser ba ce. Wani kwamitin sojoji ne a Spandau ta Jamus ya harhaɗa ta, ya aro tsarin zuba harsashi daga Mannlicher, mai ƙirƙirar bindigogi ɗan Ostiriya, ya lulluɓe bututun da rigar ƙarfe. Jinjirin watan shaida ce cewa ta bi ta hannun Turkawa, waɗanda Jamus ta tura wa irinta jibgi lokacin yaƙin duniya na farko. Ba abu ne mai wuyar samu ba, don haka kada a karɓi kuɗinka da sunan Mauser. In ka saya, a cire rigar nan a leƙa, don a ƙarƙashinta tsatsa take ɓuya. Harafin S kuwa yana nufin an gyara mazaunin harsashi don sabon harsashi mai tsini, wanda ya fi na asali kauri. Bututun kansa sai maƙerin bindiga ya auna. Dokar tarayyar Amurka tana ɗaukar wadda aka ƙera kafin 1899 a matsayin kayan tarihi, amma jiharka tana da tata dokar, ka bincika.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni direban babbar mota ne a Jamus, ina da takardar izinin tara makaman tarihi. Wani ya yi mini tayin Mauser 71 irin ta Jäger, ya ce ta sojojin mulkin mallaka ce a Afirka, ga tambari a gindinta. Kuɗin ya ninka na sauran da na gani, kuma ya ce sai gobe kawai zai jira ni.

AMSA: Ɗan'uwa, wannan "sai gobe" ita kaɗai ta isa ka mayar da hannunka aljihu. Bindigar da ta haura shekara 140 a duniya ba kwana ɗaya ne zai gagare ta jira ba.

Labarin da ya ba ka yana da tushe, shi ya sa yake cin mutane. Model 71, wadda 'yan'uwan nan biyu Paul da Wilhelm Mauser na Oberndorf suka ƙirƙiro, harsashi ɗaya take ɗauka, mai faɗin milimita 11, kuma da baƙin albarushi take aiki. Bayan sojan Jamus ya daina amfani da ita a gida, baƙaƙen sojojinsu na Gabashin Afirka sun shiga yaƙin 1914 riƙe da irin ta Jäger ɗin, wato 'yar gajeruwar da aka yi wa rundunar maharba. To amma tarihi daban, wannan da ke gabanka daban. Ƙarafunan buga haruffa ba su da tsada, guduma kuwa kowa yana da ita. Bindiga ce gama-gari za a ɗauko a buga mata haruffa uku, a shafa maiko da datti a ramin, kuɗi ya ninka. Abin da ke ba ni haushi, yawancin waɗanda ake yi wa wannan aika-aika mutanenmu ne masu wahalar nema, da suka hana ido barci a kan titi, ga gida ana jiran aike.

Ka manta da bakin mai kaya, ka karanta ƙarfe. A gefen hagu na gidan sakata za ka ga rubutun samfuri: I.G. Mod. 71 ta dakarun ƙasa, B. Mod. 71 ta Jäger, K. Mod. 71 gajera ta mahaya doki. In an ce maka Jäger ce ka ga I.G., to yanke ta aka yi, magana ta ƙare. A saman bututu akwai sunan inda aka ƙera ta, Spandau ko Danzig ko Erfurt ko Amberg, ko kamfanin Steyr na Ostiriya. Sannan lamba. Jamusawan wancan zamani ba su bar komai ba: lambar bindiga tana kan bututu, gidan sakata, ita kanta sakatar da ƙota, ƙarshen lambar kuma yana kan ƙananan sassa, har kawunan noti. Kamar dai mota ce da lambar inji ta saɓa wa takarda, ka san an taɓa. Sakatar da ba tata ba tana rage daraja sosai, amma wannan ba zamba ba ce in an faɗa maka. Zamba ita ce a goge tsohuwar lamba a buga wadda ta dace.

Ka tafi da tocila da gilashin ƙara girma. Kwantar da hasken a gefe, kada ka haska kai tsaye. Inda aka goge za ka ga ƙarfen ya ɗan lotsa, ƙananan hatiman masu duba aiki, wato kambi da harafi a ƙarƙashinsa, sun dushe a wurin alhali na kusa da su suna nan raɗau. Tsohon tambari bakinsa ya yi sumul, tsatsar cikin raminsa kalarta ɗaya da ta kewaye. Sabo kuwa bakinsa a tashe yake, kana jin kaifinsa da farce. Ka dubi siffar lambobin ma, in 2 ɗin kan sakata ba ta yi kama da 2 ɗin kan bututu ba, hannu biyu ne suka yi aikin. Wanda ya hana ka ɗaukar hoto ko nuna wa masani, ya riga ya ba ka amsa. In har za ka biya kuɗin tambari, a rubuta maka a takarda cewa na asali ne, da sharaɗin mayarwa.

TAMBAYA: Ina so in fara da bindigar Dreyse mai allura. Ya ka gani?

AMSA: Da babba ka fara. Ita ce Furusiya, wata masarautar Jamus, ta karɓa a 1841, ta ci Ostiriya da ita a 1866, harsashinta na takarda, allura ke huda albarushi ta kunna shi. A Jamus wadda samfurinta ya riga 1871 ba ta bukatar lasisin mallaka ga baligi. Sai dai tsada gare ta, kuma allurar abu ce mai karyewa da ake sauyawa tun a fagen fama. Ka fara da Mauser 71/84 mai ɗaukar harsashi 8, ana samun masu tsafta, idonka ya buɗe tukuna.

TAMBAYA: Baba, ni mace ce daga Garwa a Kamaru. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu muka tarar da doguwar bindiga a naɗe cikin buhu, duk tsatsa. An ce tun zamanin Jamus take. Tsoro ya hana ni barci, ƙanena kuma yana so ya goge ta da samfefa ya sayar.

AMSA: 'Yata, kwantar da hankalinki, ba laifinki ba ne abin da kika tarar. Allah ya jiƙan kaka. Zancen Jamus ba tatsuniya ba ce a wajenku: hafsan Jamus Hans Dominik ya yaƙi Lamiɗon Adamawa Zubairu a Marwa a 1902, kuma sojojin Jamus na dutsen Mora ba su miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Amma bindigar Gras ta Faransa ma ta yaɗu a Afirka, kuma daga nesa kama suke. In kin ga Mle 1874 da sunan St-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, ta Faransa ce.

Ki ɗauka akwai harsashi a ciki. Kada kowa ya taɓa kunama, kada a kai ta kusa da wuta, a nisanta yara. Ki ɗauki hoton rubuce-rubucen, sannan babban namiji a gidan ya je ya sanar da mai unguwa da hukuma, su faɗi yadda za a yi, ko a kai ta gidan adana kayan tarihi da sunan kakanku. Ƙanenki kuwa ki ce na ce ya ajiye samfefar. Abin da zai kankare shi ne rubutun da zai faɗi ko ta wace ƙasa ce, sayar da ita a ɓoye kuma hanyar gidan yari ce.

TAMBAYA: In na sayi Gewehr 98 a Turai, zan iya sa ta a kwantena da kayan gida in kawo Kano in rataye a falo?

AMSA: A'a. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 tana nan, kuma jami'in kwastan a Apapa ba zai tsaya karanta Danzig 1916 ba, bindigar yaƙi mai ɗaukar harsashi 5 zai gani, kuma gaskiyarsa ne. Ka ɗauki hotonta mai kyau, ka sa a firam.