Kafin ka rubuta "na shekara-shekara" a katin nan

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun jiya da daddare, caji ne ya ƙare min shi ya sa sai yanzu. Ka ce ku matasan gida kun shirya taron zumunci a nan Kaduna, za ku buga kati, kana tambaya wanne ya fi, "taron shekara" ko "taron shekara-shekara", kuma wai me ya sa tsofaffi muke cewa kar a rubuta na biyun tun yanzu. To Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka kai wa mai bugawa.

Ka fara duba kalmar kanta. Shekara a bakinmu ba suna ba ce kawai, aiki ce ma, yadda ake cewa ya kwana, ya wuni, haka ake cewa ya shekara, "wane ya shekara a Legas bai leƙo gida ba". Daga nan muka samu shekararre, in ka ji an ce shekararriyar dawa to ta ga kaka biyu a rumbu kenan. Rago ɗan shekara kuma shekararsa ɗaya da haihuwa. Kuɗin shekara da mai gida ke karɓa a Unguwar Rimi ko Tudun Wada kuɗin zaman wata 12 ne, ko ka tashi baɗi ko ka zauna sunansa kenan. Duk waɗannan sau ɗaya suke nufi. Amma da zarar ka ninka kalmar ka ce shekara-shekara to ka shigo da maimaici, kamar mako-mako da wata-wata a adashi, kana cewa an yi bara, ana yi bana, kuma baɗi da yardar Allah za a sake. Ku kuwa ko na farko ba ku yi ba tukuna.

Abin da ya sa muke jin nauyinta shi ne mun taso mun ga abubuwan da suka ci sunan. Hawan Sallah a Zazzau, a yi na ranar idi, a yi Hawan Bariki, a yi Hawan Daushe, tun muna yara ake ɗaukarmu daga nan a kai mu Zariya kallo. Cika-ciki a goma ga Muharram, a dafa wutsiyar ragon layya da aka adana, kowa ya ci ya ƙoshi, taubasai suna bin juna da kuɗin shara, ba wanda ke aiko da kati amma ba wanda ke mantawa. Har marar daɗi akwai, haraji da jangali ma na shekara-shekara ne, talaka ya san lokacinsu kamar yadda ya san damina, sai a 1979 da Balarabe Musa ya hau gwamna ya soke su a jihar nan, Abubakar Rimi ma ya soke a Kano. Kuma ko babban abu kan yanke, bikin kamun kifi na Argungu da duniya ta sani ya yi shekaru ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. To ina ga taron da kuɗinsa ke fitowa daga aljihun samari masu neman na kansu.

Ni kaina na taɓa shiga irin wannan, wata ƙungiyar unguwa da muka kafa muka rubuta "karo na farko, na shekara-shekara" da manyan baƙaƙe, aka ci aka sha aka watse, na biyu bai zo ba har yau, wallahi duk sanda na ci karo da takardar nan cikin kayana sai na ji ba daɗi, don akwai dattawan da suka ba da kuɗinsu saboda kalmar nan kuma sun rasu ba su ga na biyun ba.

Sai kuma abin da ba ka tambaya ba amma shi zai fi kawo muku gardama, wace shekarar kuke nufi? Don mu nan shekara ba ɗaya ba ce. Akwai ta wata, kwana 354 ko 355, ita ce ta azumi da salloli da zakkar kuɗi in shekara ta zagayo a kansu. Akwai ta bature, kwana 365, ta albashi da makaranta da haya. Tsakaninsu kwana 10 zuwa 11 ne duk shekara, shi ya sa ka ga azumin 2010 cikin Agusta muka yi shi ana ta ruwa, na 2025 kuwa farkon Maris ya kama. Manomi kuma nasa lissafin daga damina ne zuwa damina, zakkar hatsi ma ba ta jiran shekara, ranar girbi ake fitarwa. In kun ɗaura taronku da kashegarin babbar sallah zai riƙa tafiya, wata rana ya faɗo tsakiyar damina ko lokacin jarrabawar yara, in kun ɗaura shi da ƙarshen Disamba ya tsaya wuri ɗaya amma 'yan kasuwarmu ba hutu suke ba. Ni dai na fi son na sallah, don dama mutane sun zo gida, na Abuja da na Kano duk suna nan, ba sai an sake kashe kuɗin mota ba.

Saboda haka a katin bana ka rubuta "Taron zumunci, karo na farko" kawai, a ƙasa ka sa "Allah ya maimaita mana" yadda muke gaisawa ranar sallah. In kun yi na biyu kun yi na uku, a na huɗu ka sa shekara-shekara, ni da kaina zan biya kuɗin bugawa in Allah ya kai mu. Ku kuma naɗa mutum biyu masu riƙe asusu tun ranar, kar a bar wa mutum ɗaya. Ka turo min katin in gani kafin a buga, ka gaida mamanka.