Kowa Ya Ce Ubangiji Ɗaya Ne, To Ina Saɓanin Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne, ina karatun harhaɗa magunguna a Indiya. Mu uku ne a ɗaki: ni, da wani ɗan Hindu, da wani Kirista ɗan Kenya. Ɗan Hindun yana da 'yan gumaka a kan teburinsa, kullum da safe sai ya kunna musu turare, amma ya dage shi ma Ubangiji ɗaya ya sani. Kiristan ma haka ya ce, alhali na san suna maganar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wasa suke yi da hankalina, ko kuwa da gaske duk abu ɗaya muke nufi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar karatu. Babu mai yi maka wasa da hankali a cikinsu, kowa abin da aka koya masa ya faɗa maka, kuma duk da haka ba abu ɗaya kuke nufi ba. Abin da ya rikita ka shi ne ka tsaya a kan ƙirga. Addinai da yawa da kake zaton za su ce maka alloli barjat, in ka matsa musu da tambaya, ɗaya za su ce. Saɓanin yana wurare biyu. Na farko, shin wannan Ɗayan daban yake da halittarsa, ko kuwa shi da ita a haɗe suke? Na biyu, wa ya halatta mutum ya durƙusa wa, ya roƙa?

Mu fara da mai turaren. A cikin ɗaya daga tsofaffin littattafan Hindu da ake kira Upanishad, wani ya tambayi malami Yajnavalkya, alloli nawa ne? Ya ce 3,306. Aka ce a'a, tsakani da gaskiya, nawa ne? Ya ce 33. Aka yi ta matsa masa yana ragewa: shida, uku, biyu, ɗaya da rabi, har ya tsaya a ɗaya. Wannan ɗayan suke kira Brahman, allolinsu irin su Shiva da Ganesha da sauransu kuwa, a fahimtar mabiya da yawa, fuskoki ne da yake bayyana da su. Tun wajen 1030 Abu Raihan al-Biruni, malamin Musulunci da ya koyi harshen Sanskrit ya zauna da malamansu, ya rubuta cewa masu ilmin cikinsu sun yarda Ubangiji ɗaya ne, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, gumaka kuma sun fi ƙarfi a wurin gama-garin mutane.

Sai dai ka tambayi abokinka, wane irin ɗaya? Idan yana kan koyarwar Shankara, malamin Hindun da ya rayu wajen ƙarni na 8, to Brahman ne kaɗai yake da samuwa ta haƙiƙa, ran mutum ma a can ƙarshe shi ne Brahman ɗin. Ganin da muke yi cewa ni daban, Ubangiji daban, ruɗin rashin sani ne. Ramanuja, wanda ya zo bayansa da ƙarnoni, bai yarda da haka ba: ya ce Ubangiji mai so ne da tausayi, ana ƙaunarsa ana bauta masa da sunan Vishnu, rayuka kuma tabbatattu ne, amma su da duniya kamar jiki suke gare shi. A duka biyun, katangar da Musulmi ya gina tsakanin Mahalicci da abin halitta ko dai ta faɗi ko ta yi ƙofofi. Saboda haka ɗayan nan ba tauhidin da ka taso da shi ba ne, ko da adadin ya zo daidai.

Tambaya ta biyu kuwa ba sai ka je Indiya ba. Mutanen Makka kafin Musulunci ba su musa samuwar Allah ba. Alƙur'ani da kansa ya ce in ka tambaye su wa ya halicci sammai da ƙasa za su ce Allah, kuma a Suratuz Zumar aya ta 3 ya kawo hujjarsu: ba ma bauta musu sai don su kusantar da mu ga Allah. Maguzawan ƙasar Hausa ma haka. Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna da Maguzawan karkarar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya tarar sun yarda Allah ne ya yi komai, amma yanka da roƙo ga iskoki suke yi, don su ne ke kawo ciwo da waraka. A addinin gargajiya na Yarabawa akwai Olodumare a sama da kowa, amma wuraren bauta na su Ogun da Shango ne. Mutanen Akan na Gana har tatsuniya gare su: wai Ubangiji da can kusa yake, wata tsohuwa ta yi ta dungurinsa da taɓarya tana daka, ya gaji ya yi sama. Hujjar duka iri ɗaya ce, wadda kowane Bahaushe zai gane: talaka ba ya faɗa wa fada kai tsaye, sai ya bi ta mai unguwa, dagaci, hakimi. Musulunci wannan ƙiyasin ya rushe. Sarki yana buƙatar fadawa ne don ba ya jin kowa, ba ya ganin kowa. Allah kuwa cewa ya yi, idan bayina suka tambaye ka game da ni, to ni makusanci ne.

Abokinka Kirista lamarinsa daban ne, kuma a nan mutanenmu sukan yi gaggawa. Ba ka da Kiristan da ya san addininsa da zai ce alloli uku yake bauta wa. Bayanin bangaskiyar da limaman coci suka tsara a taron Nikiya a 325, garin da yanzu ake kira Iznik a Turkiyya, da gaskatawa da Allah ɗaya ya fara. An kira taron ne saboda wani limamin Iskandariyya mai suna Ariyus ya ce Ɗan, wato Yesu, halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Taron ya ƙi maganarsa, ya ce Ɗan haifaffe ne ba halitacce ba, zatinsu ɗaya da Uban. A 381 taron Kustantiniyya ya ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Abin da Kirista yake riƙe da shi ke nan: zati ɗaya, amma a cikinsa Uba da Ɗa da Ruhu, kuma wannan Ubangijin ya shigo cikin halittarsa ya zama mutum a Yesu Almasihu. A wurinsa nan ne ƙaunar Allah ta kai matuƙa. A wurin Musulmi kuwa nan ne iyakar da Ƙulhuwallahu ta shata: bai haifa ba, ba a haife shi ba.

Yahudawa a wannan gaɓar sun fi kusa da mu. Babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204 kuma da Larabci ya yi yawancin rubutunsa, ya tsananta wajen tsarkake Ubangiji daga kama da halitta har ya ce abin da ya fi dacewa shi ne a faɗi abin da Allah ba shi ba ne. Ya kuma yanke cewa Musulmi ba masu bautar gumaka ba ne.

To Musulmi da Kirista Ubangiji ɗaya suke nufi? Suratul Ankabut aya ta 46 ta ce a gaya wa Ma'abota Littafi, abin bautarmu da abin bautarku ɗaya ne. Cocin Katolika ma a babban taronta na Batikan, a 1964, ta ce Musulmi suna bauta wa Allah ɗaya mai jinƙai tare da su, ko da yake fastoci da yawa na wasu ɗariƙun ba su karɓi wannan ba. A ganina wanda ɓangarorin biyu suke nunawa ɗaya ne, Ubangijin Annabi Ibrahim, amma sun saɓa a kan siffarsa, saɓanin da ba a share shi da murmushi a taron zaman lafiya.

Akwai kuma waɗanda tambayar ma ba ta shafe su yadda ta shafe mu ba. Addinin Buddha ba ya koyar da Mahalicci. Masanin falsafa Spinoza, wanda Yahudawan Amsterdam suka kora daga cikinsu a 1656, cewa ya yi Ubangiji da ɗabi'ar duniya abu guda ne, ba mai jin addu'a ba.

Kada ka ɗauka tambayoyin nan biyu sun tsaya a waje, ba su shigo gidanmu na Musulmi ba. Mu'utazilawa, wata ƙungiyar malaman aƙida a zamanin Abbasiyawa, don tsoron kamanta Allah da halitta, sun ce Alƙur'ani halitta ne, Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai wannan ra'ayi a 833, Imamu Ahmad bin Hambal ya sha ɗauri da bulala a kan ƙin sa. Da aka tambayi Imamu Malik yadda Allah ya daidaita a kan Al'arshi, ya ce daidaituwar sananniya ce, yadda take ba a sani ba, imani da ita wajibi ne, tambaya a kanta bidi'a ce. Siffofin Allah ashirin da almajirai ke hardacewa a zaurukanmu daga littafin Sanusi amsar Ash'arawa ce, mabiya aƙidar Imamu Ash'ari, ga tambayar farko. Muhawarar da ake yi har gobe tsakanin 'yan Izala da 'yan ɗariƙa a kan tawassuli da waliyyai kuwa a kan ta biyu take: ɓangare ɗaya yana ganin ƙofa ce ta shirka, ɗayan yana cewa Allah kaɗai yake roƙo, darajar bayinsa kawai ya kama.