Tambaya da Amsa: Yaya Alfaka Ke Ɗaukar Ciki?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a fannin kiwon dabbobi. An ce mana alfaka, dabbar nan mai gashi da ake kiwo a tsaunukan Peru da Bolibiya, ba ta da lokacin neman namiji irin na akuya. To ta yaya makiyayi zai san lokacin barbara, kuma ya gane ta ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, gaskiya aka faɗa maka. Alfaka dangin raƙumi ce, kuma halinta ɗaya da na taguwa: ba ta sakin ƙwai sai an barbare ta. Wani sinadari a cikin maniyyin namiji ne ke sa ƙwan ya fito, awa 24 zuwa 30 bayan saduwa.

Saboda haka ita ce za ta nuna maka. A kai ta gaban namiji. In ta shirya za ta durƙusa, ya hau ta tana kwance na kimanin minti 20. Bayan kwana 7 a sake gwada ta. In ta guje shi tana tofa masa yawu, ta saki ƙwai. In ta sake tofi a kwana na 14, akwai alamar ciki, amma hoton ciki bayan wata ɗaya ne zai tabbatar, kuma a maimaita bayan wata biyu, domin ɓari ya fi yawa a wannan tsakanin.

Kuskuren da ya fi ba mu takaici shi ne yawan barbara. Al'aurar namiji tana shiga har cikin mahaifa, don haka in ana hawan ta kullum sai mahaifar ta ji ciwo, ta kamu da cuta, cikin ya ƙi tsayawa. Kada kuma a ba da ƙarama ga namiji sai ta shekara ɗaya aƙalla, nauyinta ya kai kilo 40.

Ciki yana ɗaukar kwana 335 zuwa 350, ɗa ɗaya, kusan kullum a ɓangaren hagu na mahaifa. Galibi tsakanin hantsi da azahar take haihuwa. Naƙudar da ta kai dare, a kira likitan dabbobi. Uwar ba ta lashe ɗanta, sai a tsane shi in ana sanyi, a tabbata ya sha dakashi cikin awa 6. In mabiyiya ba ta faɗo ba bayan awa 6, kada a ja ta da hannu. Ana mayar da uwar ga namiji mako 2 zuwa 3 bayan haihuwa.