Amsa: Kifina betta kullum sai kumbura kai yake, lafiya kuwa?

Malam mai tambaya daga Birnin Kebbi, ka ce kifinka betta, wato ɗan kifin ado da ake kiwo a tankin gilashi, na buɗe murfin gefen kansa yana baza fuka-fukai duk wuni, yanzu kuma ya rage cin abinci. To kumburin nan ba ciwo ba ne, barazana ce, kamar zakara in ya hango wani zakara. Asalin wanga kifi daga Tailan yake, can an daɗe ana kiwonsa don faɗa, shi ya sa ba a haɗa maza biyu wuri guda.

Matsalar ita ce in abin ya yi yawa. Minti ɗaya ko biyu ba komai, amma wuni guda yana faɗa da inuwarsa ai gajiya zai yi, launinsa ya koɗe, ya maƙale fuka-fukai, ya dinga ɓuya, wani ma har wutsiyarsa yake cizo. Duba ko kansa yake gani a jikin gilashi, musamman in fitilar tankin na kunne ɗaki kuma da duhu, sai ka manna takarda mara sheƙi a baya da gefe, madubi kuma ka kawar da shi gaba ɗaya, masu sayarwa dai burge mutane suke yi da shi.

Sai ruwa, kifin yana son mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, lokacin hunturu da asuba yakan yi masa sanyi, a Afrilu kuwa kar ka ajiye shi kusa da taga. Ƙaramar kwalba ba ta isarsa, nemi kamar lita 20 ka sa ganyayyaki inda zai fake.